Mai Masauki Ya Yanka Baƙo, Baƙo Ya Yanka Mai Masauki



Wata yarinya ce ta jefa ni cikin wannan bincike, ɗiyar ƙanena, wadda ke zaune a wurina cikin Katsina tun sa'adda kwana cikin ɗaki ya gagari mutanen ƙauyenmu Yasore, iyaye suka ga gara a rarraba yara gidajen dangi. Turanci take karanta a babbar makaranta, aka ba su wasan kwaikwayon nan na Wiliyam Shekisfiya mai suna Makbes. Ran nan da dare ina duƙe ina gyaran wani babi na littafina, ita kuma tana kan tabarma tana ta latsa waya, sai na ji ta ce, "Goggo, ashe ƙazafi aka yi wa bawan Allahn nan." Na ce wa? Ta ce Makbes. Na ce, "Ke dai Allah ya shirye ki, mutumin da ya yanka baƙonsa yana barci shi ne abin tausayinki?" Ta miƙo mini wayar ta ce, "Ai ba a barci ya kashe shi ba Goggo, duba ki gani."

Ni ma na san Makbes, ko in ce na zaci na san shi. Muna aji huɗu na sakandare aka karantar da mu shi, kwafi ɗaya tal a hannun malaminmu, bangon ma ya cire. Shi zai karanta ya fassara, mu kuma mu kwafe abin da ya rubuta a allo mu haddace saboda jarrabawa. Babu wanda ya taɓa gaya mana cewa mutumin ya taɓa taka ƙasa. A wurinmu da Makbes da Gizo da Ƙoƙi duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Yau ga yarinya da 'yar wayarta ta buɗe wasan gaba ɗaya kyauta daga ɗakin karatu na Folger da ke Amurka, ta buɗe tsohon kundin tarihin da Shekisfiya ya ɗebo labarin daga cikinsa, wanda malaman Jami'ar Oksfod suka ɗora a intanet, ta kuma gangara har zuwa bayanan da aka rubuta tun mutumin yana raye. Dare uku muka yi a kai, inda Turancin ya fi ƙarfina ta fassara mini.

Ga wanda bai san wasan ba, ga shi a gurguje. Makbes jarumi ne, barden Dankan Sarkin Sikotlan, ƙasar da ke arewa da Ingila. Yana dawowa daga fagen fama shi da abokinsa Banko sai suka yi kiciɓis da wasu mata uku matsafa, suka yi masa albishir zai yi sarauta, shi kuwa Banko ba zai yi ba amma zuriyarsa za ta yi. Matarsa ta ji labari ta hana shi sakat. Sarki Dankan, dattijo mai kirki, ya zo gidansu baƙunta, ta bugar da dogaransa da giya, mijin ya shiga cikin dare ya soke shi, aka shafa wa dogarai jinin. Daga nan hannu ya buɗe: ya sa aka kashe Banko, ya sa aka hallaka matar wani hakimi mai suna Makdaf da 'ya'yansa, ita kuma matar tasa ta zautu tana yawo cikin barci tana wankin hannu har ta mutu. Matsafan sun gaya masa babu mai cin sa da yaƙi sai ran da dajin Birnam ya taso ya zo bakin ganuwarsa, shi kuwa ya saki jiki, domin ai daji ba ya tafiya. Sai rundunar Malkam ɗan Dankan ta sassari rassan itatuwa ta ɓuya a bayansu ta doso shi, Makdaf ya fille masa kai. In ka kalli wasan za ka ɗauka duka abin bai wuce 'yan watanni ba.

To ga abin da takardun da suka fi kusa da zamaninsa suka nuna. Makbes mutum ne na gaske, ɗan gidan masu mulkin lardin Moray a arewacin Sikotlan. A 1020 'ya'yan ɗan'uwan mahaifinsa suka kashe mahaifin nasa suka karɓe lardin. A 1032 aka ƙone ɗaya daga cikinsu, wanda ke kan kujerar, tare da mutanensa 50. Makbes ya hau, ya kuma auri matar mamacin, Gruoch, wadda jikar sarki ce, ta zo masa da agola mai suna Lulach. Ka ga tun daga nan gidan ba na wasa ba ne, kuma ba ina nufin in wanke shi da sabulu ba. Amma Dankan ba dattijon nan ba ne mai furfura da muka sha wa kuka a aji. Ya gaji kakansa a 1034, ya kai yaƙi garin Durham na Ingila aka fatattako shi, sa'an nan a watan Agusta na 1040 ya ɗauki runduna ya shiga har cikin ƙasar Makbes, aka gwabza kusa da garin Elgin, can ya faɗi. Wani kundin malaman ƙasar Ayalan ma cewa ya yi an kashe shi da sauran ƙuruciyarsa. Babu gado, babu dare, babu baƙunta. Kuma a Sikotlan ta wancan zamani wannan ba baƙon abu ba ne, domin sarauta ba daga uba zuwa ɗa take tafiya kai tsaye ba, yawo take yi tsakanin ɗakunan gida ɗaya, mai ƙarfi ya ɗauka. Kakan Dankan ɗin kansa, Malkam na Biyu, sai da ya kashe sarkin da ke kai a 1005 kafin ya zauna.

Shekara 17 Makbes ya yi yana mulki. A 1050 ya tafi ziyarar ibada birnin Rum, kuma wani malamin Kirista ɗan Ayalan mai suna Marianus, wanda ya yi zamani da shi, ya rubuta cewa ya yi ta rabon kuɗi ga matalauta a can hannu sake. Ni a nan na tsaya na yi shiru. Tafiya daga Sikotlan zuwa Rum a kan doki da jirgin ruwa wata da watanni ce, kamar hajjin ƙasa na kakanninmu. Sarkin da ke kwana ido biyu don tsoron fatalwa da 'yan tawaye ba ya barin gadonsa ya yi irin wannan nisa, ya dawo ya tarar da shi yadda ya bar shi. Akwai kuma shaidar cewa shi da Gruoch sun ba wasu masu zaman ibada a tsibirin tafkin Loch Leven kyautar filaye, abin da mu za mu kira waƙafi. A 1054 Siward, mai mulkin arewacin Ingila, ya kawo masa yaƙi ya yi masa ɓarna sosai, amma bai raba shi da sarauta ba. Sai bayan shekara 3, a Agustan 1057, Malkam ya cim masa a wani wuri Lumphanan aka kashe shi. Ko a nan ma ba Malkam aka naɗa ba, agolan nan Lulach aka naɗa. Mutanen da suka sha ukubar azzalumi shekara 17 ai ba sa ɗauko ɗan matarsa su ɗora a kansu. Sai da Malkam ya kashe shi shi ma a 1058 kafin ya samu zama.

To ina aka samo matsafa da wuƙar dare? A hankali aka yi ta ɗora su kamar yaɓen ɗaki, bana a ƙara laka, baɗi a ƙara. Zuriyar Malkam ce ta riƙe ƙasar daga nan, marubutan da suka zo daga baya kuma sun tashi sun ga ɗa ne ke gadon uba, sai suka auna mutanen da da mudun zamaninsu: duk wanda ya shiga tsakanin Dankan da ɗansa ɗan ƙwace ne. Wajen 1420 wani Andrew na Wyntoun ya kawo mata uku masu albishir, amma a mafarki Makbes ya gan su. A 1527, wato shekara 470 bayan mutuwar mutumin, Hector Boece, shugaban kwalejin garin Aberdeen, ya buga tarihinsa da harshen Latin, ya fito da matan daga mafarki ya tsayar da su a kan hanya, ya kuma kawo wani mutum da tsofaffin takardu ba su san shi ba, wato Banko, ya ce shi ne kakan gidan Stuwat masu sarautar lokacin. Da masana suka bi salsalar gidan daga baya, sai suka tarar asalinsu daga arewa maso yammacin Faransa ne, babu wani Banko a hanya.

Daga Boece labarin ya shiga kundin Raphael Holinshed na Turanci, wanda aka buga a 1577 aka sake bugawa a 1587, kuma wannan bugu na biyu shi ne Shekisfiya ya yi aiki da shi. Abin da ya ba ni mamaki, ko Holinshed bai shafa wa Makbes kashin kaji kamar yadda wasan ya yi ba. A wurinsa Dankan sarki ne mai sanyin hali da ya kasa riƙe ƙasa, Makbes kuma ya yi shekara 10 yana adalci kafin ya lalace, sa'an nan Banko da bakinsa aka ƙulla kisan. Kisan dare kuwa, da matar da ke zuga miji, da bugar da masu tsaron ɗaki, duk suna cikin kundin, amma a labarin wani mutum daban mai suna Donwald, wanda ya sa aka kashe wani sarki Duff sama da shekara 70 kafin Dankan. Shekisfiya ya koma 'yan shafuka baya ya ciro laifin wani ya rataya wa wani.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A 1603 Sarkin Sikotlan Jemis, ɗan gidan Stuwat, ya gaji sarautar Ingila, ya ɗauki ƙungiyar su Shekisfiya ta zama ta fada, da sunansa ake kiranta. Jemis jinin Dankan ne ta wajen Malkam, kuma an yarda a lokacin cewa jikan Banko ne. Wane marubuci ne zai tsaya gaban ubangidansa ya nuna masa kakansa da jini a hannu? Sai aka wanke Banko fes. Sarkin kuma mutum ne da tsoron maita ya cika masa ciki, ya zauna da kansa wajen tuhumar wasu da aka zarga da tsafi a 1590, har ya rubuta littafi a kan abin a 1597, don haka aka ƙara wa matsafa gishiri. Ga shi kuma a Nuwamban 1605 an bankaɗo maƙarƙashiyar tashin majalisa da albarushi da sarki a ciki. Wajen 1606 aka rubuta wasan, lokacin da maganar kashe sarki ta fi kowace magana zafi, ba a kuwa buga shi ba sai 1623, Shekisfiya na da shekara 7 a kabari. Ni dai ban ɗauke shi maƙaryaci kawai ba. Duk wanda ya taɓa kai rubutunsa kasuwa ya san yadda ake rubutu ana waiwayen mai saye da mai tacewa. Kuma wasan ya yi kyau, kyawun nasa ne ma ya zama masifar Makbes, domin da ya yi muni da tuni an manta da shi da ƙazafin duka.

Muna cikin haka na ce mata, "Ke da kike jin tausayin Bature, kin san Sanau?" Ta ce wane ne? Yarinya haifaffiyar ƙasar Ruma, ta wuce ta ƙofar Gidan Korau ya fi a ƙirga, ta san watan da aka kashe Dankan, ba ta san Sanau ba. Ban ga laifinta ba.

Ni a bakin kakata na ji shi a Yasore, muna ɓarar gyaɗa a farin wata, kuma ba ta fara shi da buɗaɗɗiyar tatsuniya, domin a wurinta wannan labari ne, ba gizo ba. Sanau shi ne sarki na ƙarshe a gidan Durɓawa, zuriyar Kumayau, waɗanda cibiyarsu take a Durɓi ta Kusheyi can wajen Mani, gabas da Katsina. Al'adar lokacin, mai son sarauta sai ya yi kokawa da sarki. Bayan Sanau kuwa bai taɓa shan ƙasa ba saboda wani asiri da yake ɗaurawa a ƙugu. Sai ga Korau daga 'Yandoto, wadda ke kusa da Tsafe cikin Jihar Zamfara ta yanzu, ya zo ya sauka a wurinsa a matsayin baƙo kuma aboki. Ya san kan matar Sanau, ta raba mijinta da asirin. Ran kokawa aka haɗu gindin wata tsamiya da ake kira Bawada, Korau ya ɗaga shi ya nana da ƙasa, ya zare gajeren takobi ya yanka shi. Takobin shi ne Gajere, yana nan cikin kayan sarautar Katsina. Kuma kirarin Korau bai ɓoye komai ba, ƙarara ya kira shi baƙon Sanau, ya kuma faɗi abin da ya yi wa mai masaukinsa. Kakata tana rantsuwa cewa ta dajinmu ya bi ya wuce. In ka duba taswira 'Yandoto na kudu maso yamma da mu, Katsina na arewa maso gabas, don haka hanya ba ta ƙaryata ta ba, sai dai kowane ƙauye da ke tsakanin nan yana iya yin irin wannan rantsuwa.

Mai karatu, dubi kayan miyar: sarki, ƙaƙƙarfan mutum mai son gado, amanar masauki, mace a tsakiya, asiri, wuƙa. Duk iri ɗaya. Amma shi Makbes, wanda bai ma ci amanar baƙo ba, duniya ta san shi da cin amana, shi kuwa Korau da kirarinsa ya amsa laifin, sunansa ya zama abin ado. Bambancin ba a girman zunubi yake ba, a wanda ya zauna bayan an share jinin yake. A Sikotlan 'ya'yan wanda aka kashe ne suka riƙe alƙalami, a Katsina 'ya'yan wanda ya yi kisan ne. Gidan Korau ya yi mulki har zuwa jihadi, wajen 1807 Ummarun Dallaje ya karɓi birnin, ragowarsu suka yi arewa suka kafa Katsinar Maraɗi. Kai, ko waɗanda suka kawar da su ba su taɓa sunan ba, har yau fadar Gidan Korau ce, sarki kuma Magajin Korau ne. Ba ina rage wa Muhammadu Korau daraja ba ne, shi ake ba wa lambar sarkin Katsina Musulmi na farko, kuma ana danganta hasumiyar Gobarau da zamaninsa. Abin da nake cewa, rabon Sanau a labarin bai wuce mai laya a ƙugu da aka kayar ba, kuma wanda ya kayar da shi ne ya ba da labarin.

Da muka koma neman takardu sai abin ya ƙara ba ni tausayi. Makbes ya girmi Korau da ɗaruruwan shekaru, amma an san watan mutuwarsa. Korau kuwa a kan ƙarninsa ma ake jayayya: wasu littattafai da allunan tarihi suna cewa 1348 ya hau, malaman jami'a kuma suna kai shi wajen 1445. Tazarar kusan shekara 100 ke nan. Dalili, jerin sunayen sarakunan Katsina yana ba da yawan shekarun da kowa ya yi ne, sai a riƙa ƙirgawa baya, in an yi kuskure a mutum biyu uku sai lissafi ya tafi daji. Abin da ya taimaki masana shi ne turaku biyu da aka kafa daga waje: wasiƙar da Shehu Jalaluddini Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya aiko daga Misra mai ambaton Sarkin Katsina Ibrahim, da kuma zuwan Shehu Magili ƙasar Hausa wajen 1493. Tunda Ibrahim Sura ne ke bin Korau a jerin, sai aka ce to Korau bai yi nisa da wannan lokaci ba.

Sa'an nan wa ya tattara jerin ya buga? H. R. Palmer, wanda ya fitar da Sudanese Memoirs a 1928. Shi ne kuma jami'in Turawan da ya tsaya aka sauke Sarki Yero na gidan Dallazawa a 1906 aka ɗora Durɓi Muhammadu Dikko. Wato mai rubuta tarihin sauyin gidan sarauta, shi kansa da hannunsa a cikin wani sauyin. Ga shi kuma da wata aƙida irin ta Turawan zamaninsa, cewa duk wani abin kirki a ƙasar baƙar fata baƙi ne suka kawo shi daga arewa ko gabas. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, malamin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello wanda ya rasu a 2005, shi ya zo ya kwance wannan ɗauri a littafinsa The Transformation of Katsina na 1981. Ya nuna cewa a daina kallon abin a matsayin kokawar mutum biyu ko zuwan wata ƙabila, a dubi yadda kasuwanci da garuruwa da tsarin sarauta suka sauya har cibiyar mulki ta tashi daga Durɓi ta koma Birnin Katsina. Shi mutum ne da ko Barth, Bajamushen da ya shigo Katsina a 1851 ya gani da idonsa, sai da ya titsiye rubutunsa: wa ya sauke shi, wa ya yi masa tafinta, me ya zo nema. 'Yandoto kuwa, garin malamai da ake sa ran samun takarda, rundunar Muhammadu Bello ta ci ta da yaƙi a farkon jihadi saboda malamanta sun ƙi ba da kai, kuma har yau ana ba da labarin littattafan da suka salwanta a nan.

Gidan su Sanau ƙasa ce ta yi musu shaida. A Durɓi ta Kusheyi akwai manyan tuddai na kaburburan sarakuna. Palmer ya tona a 1907, aka sake tonawa a 1992, aka sami kayan ado na zinariya, da mundaye na hauren giwa, da wuri, da wata tasar ƙarfe aikin ƙasashen Gabas ta Tsakiya. Da aka auna shekarun kaburburan sai suka faɗo tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Ashe mutanen da muke ɗauka 'yan kokawa ne a gindin tsamiya, hannunsu ya kai har bayan hamada. Kuma in wasu kaburburan sun zo bayan Korau, to a fahimtata gidan bai mutu da Sanau ba, wanda ya yi daidai da yadda sarautar Durɓi ta ci gaba da zama cikin masu zaɓen sarki. Wani abin dariya, birnin Mainz na Jamus aka kai kayan nan aka gyara, kuma a wannan birni ne Marianus, mai ba da shaidar kyautar Makbes, ya ƙare rayuwarsa yana rubutu.

Matan biyu ne suka fi tsaya mini a rai. Shekisfiya bai ko faɗi sunan Gruoch ba, matar Makbes kawai. Alhali mace ce da aka ƙone mijinta na fari, kuma a 1033 kakan Dankan ya kashe wani ɗan gidansu. In ma tana da ƙulli a zuci, na jini ne, ba kwaɗayin a ce mata sarauniya ba. Matar Sanau kuwa, a yadda na ji labarin da yadda na karanta shi, ba ta da suna, ba ta da dalili, ba a ce ga abin da ya same ta bayan an yanka mijin ba. Ta shigo ta kwance laya ta fita. Maza sun yi kisa, sun ci sarauta, an bar mata da cin amana. Kuma kada in yi ta nuna wasu da yatsa, mu marubutan littattafan Hausa sau nawa muka rasa yadda za mu kayar da namiji sai mun nemo kishiya da boka?

A nan ne maganar ta dawo kaina. Littafin da nake gyarawa daren nan, na matar Sanau ne. Na riga na yi babi uku. Na raɗa mata suna mai daɗi, na ce auren dole aka yi mata, na ba ta ƙane da Sanau ya kashe. Bayan dare ukun nan sai na ga ashe aikin Boece nake yi. Shi Makbes da sauƙi, domin ƙaryar da maganinta suna zaune wuri ɗaya, yarinya ta latsa nan ta ga wasan, ta latsa can ta ga 1040 da 1057. Da muka nemi Sanau a wayar, 'yan sakin layi muka samu da suke kwafar juna, babu mai cewa ga inda ya samo. In littafina ya karɓu, aka karanta shi a rediyo, aka watsa shi a WhatsApp, nan da shekara 30 wata yarinya za ta nemi sunan matar Sanau, sunan da na ƙaga ina zaune kan gadona shi za a ba ta a matsayin tarihi. Ban fasa littafin ba, amma na ƙara masa shafi biyu a gaba: ga abin da na ji a bakin manya, ga abin da na karanta da wurin wanda na karanta, ga kuma abin da ni na ƙirƙira, sunan na ciki.

Manyan kuwa ƙarewa suke yi, waɗanda suka rage kuma sun warwatsu. Kakata ta daɗe da rasuwa. Ƙanwarta ce ta rage, tana Batsari a wani ɗaki da aka ara musu tun da suka baro gida. Muka shirya ni da yarinyar muka je da goro da sabulu, ta kunna wayar tana naɗa. Kafin a fara sai da tsohuwa ta tambayi abin da ya kawo maganar, yarinya ta ba ta labarin Makbes har zuwa inda aka ce ba za a ci shi ba sai daji ya taso. Ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce, "Shi bai yarda daji na tasowa ba? Ai da ya zo ya tambaye mu, mu da Rugu ta taso ta same mu har cikin ɗaki."

Sa'an nan ta ba da labarin Sanau, kusan yadda yayarta ke ba da shi, sai dai ita ta fi daɗewa a wajen kokawar, har tana nuna yadda ake kama ƙugu da hannuwanta masu rawa. Da ta kai aya yarinya ta ce, "Iya, matar fa, yaya sunanta?"

Ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar nan, matar sarki guda? Wa ya isa ya kama sunanta da har zai iso kunnena?" Ta miƙa hannu ta ɗauki goro ta ɓantara, ta ce a kashe abin nan haka nan, la'asar ta yi.